Ciyaman Mato Ya Kama Ɓarawon Ruwa

A Rafin Gawo, wani ƙauye da ke gefen Getso, babu wanda bai san labarin ruwan Malam Mato ba. Ba sai ka tambaye shi ba. Ko ina gajiya ka ce masa, zai ce gajiya da sauƙi, ruwa ne dai babu.

Mato manomin albasa ne. Lambunsa shi ne na ƙarshe a cikin lambuna arba'in da 'yan kai da suke sha daga magudanar da ta taso daga ƙaramin dam ɗin garin. In an buɗe ƙofar ruwa da safe, na sama su sha su ƙoshi, na tsakiya su samu daidai gwargwado, shi kuwa sai wajen la'asar wani siririn ruwa zai gangaro masa kamar an kifar da buta. Shekara uku yana cikin wannan hali, kuma duk shekarun nan mutum ɗaya yake zargi: Alhaji Maikuɗi, mai lambun farko a bakin dam.

"Ku dubi tumatirinsa," yakan ce, "kowanne kamar kan jariri. Da ruwan wa ya yi wannan ƙibar?"

Shi Alhaji Maikuɗi dattijo ne mai sanyin hali, ga shi kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, don haka rabin maganar ba ta taɓa isa gare shi ba.

Ana cikin noman rani sai ga malamin gona, Malam Zainulabidin, ya zo daga Gwarzo a kan babur, ya tara manoma a gindin tsamiya. Ya ce daga bana ba za a ƙara turo ma'aikaci ya buɗe musu ruwa ba. Su za su kafa ƙungiya, su tsara rabonsu, su kula da magudanarsu. Ya ɗaga makullin ƙofar ruwan ya ce a zaɓi ciyaman.

Kowa ya sunkuyar da kai, don kowa ya san wanda ya karɓi makullin nan ya karɓi Mato. Can sai Inna Zaituna ta gyara mayafi. Tsohuwa ce mai noman alayyafo da karas a lambun da mijinta ya bar mata, kuma ba ta tauna magana.

"Ni dai na ce a ba Mato," in ji ta. "In ruwa bai zo ba, sai ya kai ƙarar kansa wurin kansa, mu huta."

Hannaye suka tashi gaba ɗaya. Har Alhaji Maikuɗi ya ɗaga biyu, don shi a zatonsa ana tambayar masu son taki ne. Aka naɗa Inna Zaituna mataimakiya, Sabi'u mai barkono ya zama sakatare saboda shi ne mai kyan rubutu.

Mato ya koma gida da makulli rataye a wuya. Matarsa Asibi ta dube shi ta ce, "Malam, wannan kuma layar mece ce?"

"Amanar jama'a ce," ya ce, ya zauna cin tuwo ba tare da ya cire ba.

Ranar Alhamis ya kira zaman farko, ya kawo doka. Duk wanda aka samu ya tare ruwa, ko yau ya yi ko tun shekarun baya, zai yashe magudanar da hannunsa shi kaɗai, a hana shi ruwa mako guda, sannan ya tashi bayan sallar Juma'a ya faɗa wa jama'a da bakinsa abin da ya aikata. Sabi'u ya ce ko za a ɗan rage, dokar ta yi tsauri. Mato ya ce ko wasali ɗaya ba za a cire ba. Yana faɗa yana kallon Alhaji Maikuɗi, shi kuwa Alhaji yana ta gyaɗa kai yana cewa madalla.

Ranar Asabar da hantsi aka fita zagaye, Mato a gaba da sanda, manoma wajen ashirin a bayansa. A lambun Alhaji Maikuɗi ya fi awa guda. Ya caccaki ƙasa yana neman ɓoyayyen bututu, ya leƙa cikin kowane kwamin shuka, ya auna bakin mashigar ruwa da taƙi har sau uku. Abin da ya samu kawai ƙaton kwaɗo ne, wanda ya yi tsalle ya faɗa masa a ƙirji. Alhaji ya cika masa hula da tumatir ya ce a kai wa iyali.

Aka ci gaba da gangarawa. Lambu na goma, ruwa na gudu. Na ashirin, na talatin, ruwa na nan da ƙarfinsa. Jikin Mato ya fara sanyi, don bai shirya wa kowa ba sai Alhaji. Sai da aka wuce lambu na talatin da biyar, inda magudanar ta yi kwana ta shige cikin ciyawar kacalar da ta fi mutum tsawo, aka ga ruwan ya taru ya yi tafki, yana malala ta gefe yana bin wani kwari inda babu shukar kowa.

Nan Mato ya farfaɗo. "Ga shi nan. Shekara uku ina faɗa ana ce mini mai mita. A sare ciyawar nan mu ga aikin azzalumi."

Aka sa lauje. Ƙarƙashin kacalar aka tarar da azara huɗu an gitta, an danne su da buhunan yashi. Buhunan sun zame sun faɗa cikin magudanar, laka da shara suka taru a kansu har suka zama bango. Sabi'u ya naɗe wando ya shiga ya jawo buhu ɗaya, ya ɗauraye shi. Irin buhun albasar nan ne da ake rubuta sunan mai shi kafin a kai kasuwa. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya miƙa wa Inna Zaituna.

"Ni ban yi boko ba," ta ce. "Karanta mana."

Sabi'u ya yi gyaran murya. "An rubuta Mato Albasa, Rafin Gawo."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Mato. Shekara uku da suka wuce, lokacin da ya sayi babur, ya yi 'yar gada a nan don ya riƙa yanke hanya zuwa lambu. Bai yi wata biyu yana bi ba babur ɗin ya watsar da shi a cikin laka, ya sayar da shi, ya koma tsohuwar hanya da jakinsa, ya manta da gadar gaba ɗaya.



"Sau biyu na zo in faɗa maka," in ji Inna Zaituna. "Na farko ina cewa Mato, maganar ruwan nan, ka karɓe zancen ka yi ta yi har aka kira azahar. Na biyu ko zama ban yi ba."

Mato ya share zufa. Ya ce a duba da kyau, ita dokar ranar Alhamis aka yi ta, gada kuwa ta girme ta. Sabi'u ya buɗe littafi ya karanto masa: ko yau ya yi ko tun shekarun baya. Mato ya ce to, shi ya sauka daga muƙami, ya kama cire makulli. Inna Zaituna ta ce babu inda aka rubuta sauka, ya mayar da abinsa.

Washegari tun da farar safiya ya shiga laka har gwiwa da shebur. Bai yi nisa ba sai ga Alhaji Maikuɗi da baro, ya ce an ce masa ana gayya. Mato ya buɗe baki zai yi masa bayani, ya ga bayanin zai buƙaci ɗaga murya, sai ya ce eh, gayya ce. Da mutane suka hango Alhaji da shekarunsa yana tura baro, kunya ta fito da su ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar an kwashe gadar, kuma an gano ba ita kaɗai ba ce: a gaban kusan kowane lambu akwai yashi da ledoji da ciyawar da mai wurin ya yi shekaru yana tsallakewa. A nan bakin magudanar aka yanke cewa kowace Asabar ta farkon wata za a fito yasa, kuma ranakun Litinin da Alhamis na ƙasa ne za su fara sha.

Sauran hukuncin kuwa ba a yafe ba. Mako guda Mato yana buɗe ƙofar ruwa da hannunsa, ya raka shi har bakin lambunsa, ya toshe mashigarsa da buhu, ya tsaya yana kallonsa yana wucewa. Ranar Juma'a ya miƙe bayan an sallame, ya yi sallama mai tsawo, ya gode wa liman da dagaci da masu unguwanni ɗaya-ɗaya, ya ja jawabi a kan amfanin noman rani. Sai da dagaci ya duba agogo sannan ya faɗi abin da ya kawo shi cikin jimla ɗaya, ya zauna. Da ya isa gida ya tarar Asibi ta riga ta ji, ta kuma yi masa miyar tumatirin Alhaji.

Albasar bana ta yi kyau har ta lambunan ƙasa. Labari ya kai Kabo, wasu manoma bakwai da suke shirin kafa tasu ƙungiyar suka yi hayar mota suka zo ganin yadda ake yi. Mato ya zagaya da su, ya nuna musu jadawalin rabo da aka manna a jikin tsamiya. Shugabansu, wani dogon mutum mai suna Mijinyawa, ya ce sun ji an kama wanda ya yi shekara uku yana tare wa mutane ruwa.

"An kama shi," in ji Mato. "Ni da kaina na jagoranci binciken."

"Kun kore shi daga ƙungiyar?"

Mato ya saci kallon Inna Zaituna, wadda take tsinkar alayyafo tana jin komai.

"A'a, yana nan," ya ce. "Muƙami ma muka bar masa, don ido ya riƙa zama a kansa. Ku zo ta nan ku ga albasa."