Farin da ke Cikin Tukunya

Hawa ta miƙa hannu za ta ɗora zaren yau a kan darni, sai ta tarar da na jiya yana nan inda ta bar shi, raɓa ta jiƙa shi. A lokacin ne ta lura tun safe ba ta ji ƙarar ƙoshiyar saƙa daga gidan Jatau masaƙi ba.

Shekara da shekaru haka suke a Maijirgi. Ita ta kaɗa auduga ta ɗora zare a kan darnin da ya raba gidajensu, shi ya ɗauka ya saƙa. Hira ba ta cika haɗa su ba, don Jatau mutum ne da sai ka yi masa sallama biyu kafin ya amsa ɗaya. Matarsa ta rasu, ɗansa Auta ya bi fatake zuwa Kano, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ita kuwa Hawa Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya daɗe a ƙasa. Abu ɗaya take taƙama da shi a duniya, farin likkafaninta, wanda ta kaɗa zarensa Jatau ya saƙa, yana naɗe cikin tukunya a ƙarƙashin gado. Takan ce ranar da ta mutu ba za a bi gida gida ana roƙa mata sutura ba.

Ta zagaya ta shiga. Jatau yana kwance a gindin masaƙa yana numfashi da ƙyar, saƙa ta tsaya a rabi. Ta san saƙar, likkafaninsa ne na biyu. Na farkon ya ba da shi da damina, lokacin da wani baƙon Bafillace ya mutu a bakin rijiya ba a san danginsa ba. Ranar Hawa ta yi masa faɗa ta kan darni, ta ce tsoho mai tari irin nasa ba ya kyauta da likkafani. Ya ce zai saƙa wani. To, ga wanin nan.

Ta dama masa kunu, ya kurɓi kaɗan. Ya tambaya ko ayarin Kano ya sauka a Tasawa, ta ce ba ta ji ba.

"Hawa, ɗago ni," in ji shi. "Kaɗan ya rage."

Ta ɗago shi, ta sa masa ƙoshiya a hannu. Ya jefa, ƙoshiya ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ya kasa ɗauka. Ya daɗe yana duban hannunsa. Tausayi ya kama Hawa har ta rasa inda za ta sa idonta.

Kafin azahar ya cika. Liman ya zo da maza, ya yanke farin daga masaƙa, ya auna da hannu, ya girgiza kai. Ko an yanka an ɗinka, ba zai rufe rabin mutum ba. Garin babu wani masaƙi, Tasawa da nisa, gawa kuma ba ta jira. Wani ya ce a farke tsohuwar rigarsa a cika da ita. Wani ya ce a zaga gidaje a haɗo ƙyallaye.

Hawa tana ji daga bayan darni. Ta shiga ɗaki ta jawo tukunya, ta zauna hannunta a kan murfi. Tsoro take ji, ba kaɗan ba, don ta san ba ta da wanda zai tsaya mata. Ta daɗe a haka, sannan ta buɗe.

"Inna, wanga ai naki ne," in ji Liman da ta miƙa masa. "In taki ta zo hwa? Babu mai saƙa miki wani."

"Na sani, Malam," ta ce. "Mutumin da ya suturta rabin garin ga ba a binne shi da tsumma ina kallo."

Liman ya karɓa.

Da aka dawo daga maƙabarta ya aiko mata da guntun farin nan da bai kai ba. Ta naɗe shi ta sa a tukunya, da ƙyar ya rufe gindinta. Ta mayar da murfi.

Washegari ta ɗauko mazari ta zauna kaɗi kamar kullum, har rana ta yi zafi. Ta tashi ta ɗora zaren a kan darni, kusa da na shekaranjiya. A can gidan Jatau ƙoshiya tana nan inda ta faɗi, kaza tana tono a gefenta.