Hannun Calvin

Gam mai zafi ya ɗiga wa Rhonda a babban yatsa daidai lokacin da take manna ganye na ƙarshe a bayan 'yar kabewa. Ta ja tsaki, ta cusa yatsan a baki. Tun safe take wannan aiki: kowane baƙo da nasa ɗan talo-talo na kabewa, da wutsiyar busassun ganyaye ja da rawaya, da sunansa a rubuce a ɓawon masara. Talo-talon gaske kuwa yana cikin tanda yana gasuwa. Ranar Godiya ce, bikin da dangi ke haɗuwa su ci abinci tare, kuma kamar kowace shekara, wahalar duk a kanta ta ƙare. Ƙanwarta Denise ta zo tun jiya wai don ta kama mata aiki, amma ban da kofin gahawa ba a ga abin da ta kama ba.

"Denise! Ina zanen tebur? Ko shi ma ni zan shimfiɗa?"

Denise ta fito da shi a naɗe, har ta goge shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa Rhonda zargi, don rabon Denise da dutsen guga an jima.

Zanen ya girme su duka biyu. Duk wanda ya shigo gidan nan, ta haihuwa ko ta aure, sai ya ɗora tafin hannunsa a daidai inda yake zama, a zagaye shi da fensir, Mama ta bi da zare da allura. Ba ta taɓa sa suna ba, ta ce ta san hannun kowa. Yanzu idanunta sun tafi, tana gidan kula da tsofaffi, amma duk shekara kafin a yi addu'a sai ta laluba ta ɗora tafinta a kan hannun Calvin, ɗanta da ya rasu shekarun baya lokacin da motarsa ta zame a ƙanƙara. Ba ta cin loma ɗaya sai ta yi hakan. Mijin Rhonda ma ya riga ya tafi ɗauko ta.

Suka kama gefe-gefe suka baza. Rhonda ta shafa shi da hannu, sai ta tsaya cak. A hagun hannun Denise babu komai sai farin yadi.

"Ina hannun Calvin?"

"Ga shi nan mana. Na Russ kawai na cire." Denise ta ɗaga kai kamar wadda ta shirya faɗa. "Kada ki fara, Yaya. Yau Glenn zai zo gidan nan karon farko. Ba zan zaunar da mutumin da zan aura a kan hannun tsohon mijina ba."

"Zo nan. Zo ki duba wannan. Wannan ƙaton hannun mai zobe, na wa ne?"

Denise ta leƙa. Launin fuskarta ya canza.

"A dama Russ yake zama, na tabbata. Na dama na cire!"

"Ta ina kika yanke zaren?"

"Ta baya mana, ta nan ƙullin yake."

"Kika kife zane, dama ta koma hagu, ke kuma da ƙwaƙwalwar kaza ba ki lura ba!" Muryar Rhonda ta tashi har karen gidan ya bar ɗakin. "Kika tsinke ɗan'uwanki zare-zare, sannan kika bi da guga don kada ko alama ta rage. Ke dai tun kina yarinya haka kike. Ki ɓata, wani ya gyara!"

"Ai ban yi da gangan ba!"

"Yaushe kika taɓa yi da gangan? Auren Russ ɗin ma ba da gangan kika yi ba."

Denise ta fashe da kuka. Rhonda ba ta ji ko ɗigon tausayi ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona ta shi ne babu lokacin da za ta zauna ta yi fushin da kyau.

"Share majinar nan ki riƙe min zanen. Ɗaga shi saitin taga."

A hasken taga ramukan allura suka bayyana, ƙanana, wasu guga ta rufe su. Rhonda ta zazzage tsohon gwangwanin ɗinkin Mama a ƙasa har ta samo shuɗin zare. Ya fi na da haske, amma Mama ba launi za ta gani ba. Ta fara daga wuyan hannu tana bin rami bayan rami. Dankali ya tafasa ya zube a kan murhu, ba wadda ta motsa. Ta soki yatsan da ya ƙone, ta zagi allurar, ta zagi Russ, ta haɗa da Glenn da ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

A ƙaramin yatsa ramukan suka ɓace gaba ɗaya.

"Yaya, ta ina ya lanƙwashe? Ai a karye yake."

"Ni kike tambaya? Ke da kika tsefe shi?"

Rhonda ta runtse ido. Ta ga Calvin yana dariya, ta ga hularsa, amma ta kasa tuna ko yatsan ciki ya karkata ko waje. Nan ne kuka ya zo mata, ta haɗiye shi, ta ja zaren miƙe. Tana cizge ƙarshen zaren ta ji tsayuwar mota a ƙofa.

Denise ta jera faranti da gudu, ta ɗauko babban kwanon romo ta dire shi a kan hannun Russ ya rufe shi ruf. Gida ya cika. Glenn ya iso da furanni, mutum mai fara'a da yawan sannu.

Aka zaunar da Mama. Ta miƙa hannu ta laluba, ta wuce cokali, ta wuce hannun Denise, ta sauka a inda ta saba. Yatsunta suka bi zaren a hankali, suka tsaya a ƙaramin yatsa.

"Wannan ba ɗinkina ba ne," in ji ta. "Rhonda, ke ce. Ke kaɗai ke jan zare kamar mai ɗaure buhu. Har kin miƙar masa da yatsa."

Rhonda ta buɗe baki. Denise ta sunkuyar da kai.

"Ni na cinye shi ko?" Mama ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa. "Shekara da shekaru ina gogarsa da hannu, ai dole zare ya mutu. Da kin faɗa min, da na rage."

Gaskiya ta zo wa Rhonda har bakin harshe. Ta dubi tafin tsohuwar da ke kwance a kan shuɗin zaren.

"Ki yi ta gogawa, Mama. Akwai sauran zare."

Sai ta zagaya teburin, ta ɗauke kwanon romo ta mayar tsakiya. Ta ɗauko 'yar kabewa mai sunan Glenn, ta gyara mata wutsiya, ta ajiye ta a tsakiyar tafin Russ, ta ja masa kujera.

"Ga wurinka nan, Glenn. Zauna."

"Kai, wannan zane ya yi kyau," in ji Glenn yana zama. "Wannan ƙaton hannun fa, na wa ne?"

"Tambayi Denise," in ji Rhonda, ta wuce kicin ɗauko talo-talo.