Maganin mura a tukunyar Shigeharu

Shekara ashirin da biyu ina dafa wa 'yan wasan tsere na wani kamfani abinci, mijina Shigeharu yana kula da gidan kwanansu. Ya rasu a sanyin bara. Wannan labarin ne ya fi son bayarwa, sai dai kullum yakan tsallake laifina.

A shekarar da abin ya faru, an kama wani baƙon ɗan wasa daga ƙasar waje da tabar wiwi a wani gari. Aka dakatar da ƙungiyarsa gaba ɗaya, shugabanninta suka sunkuya a talabijin suna neman gafara. Daga nan matan kasuwar kifi suka fara tambayata, "Tomie, yaya naku ɗan Kenyan?"

Kimutai ke nan, mai ce mini Mama. Saura kwana uku babban gudu mura ta kama shi. Na dama masa kakkonto, maganin saiwoyin da uwata ta raine mu da shi, safe da yamma. Ya yi gudu, ya wuce mutum bakwai, aka ɗauki fitsarinsa don gwaji.

Washegari koci Hamaguchi, mai horar da su, ya ga kwalin maganin a kicin. Ya juya shi ya karanta.

"Wa kika ba?"

"Kimutai."

"Akwai abin da aka haramta wa 'yan wasa a ciki. In ya fito a gwaji, gida za a mayar da shi, ƙungiya kuma a dakatar."

Na ce ai saiwa ce kawai. Ya ce jarida ba za ta rubuta saiwa ba, baƙo za ta rubuta.

Shigeharu bai yi mini faɗa ba. Ya fito da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza yana gogewa, wai tare za mu sunkuya. Aka kira Kimutai. Na durƙusa, goshina a tabarma.

"Mama, tashi. Ni ne zan ba ki haƙuri," in ji shi. "Ban sha ba. Ko sau ɗaya. Warinsa kaɗai ya ishe ni."

Na ce, "To ina ka kai shi?"

Ya nuna ɗan itacen da Shigeharu ya shekara talatin yana reno a tukunya bakin taga.

Mijina ya ajiye dutsen guga, ya je ya sunsuna ƙasar.

"Kofi shida, ɗan banza? To koci, itacena za ka dakatar."

Hamaguchi, da ban taɓa ganin haƙoransa ba, sai da ya dafa bango don dariya.

Gwaji ya fito lafiya. Na shiga kasuwar kifi da Kimutai riƙe da kwandona, muka bi layi biyu na masu kifi da gangan don matan su gan shi.

Itacen yana nan, ni ke ba shi ruwa yanzu. Ranar jana'izar Shigeharu, Kimutai ya tsugunna gaban itacen ya ce, "Kai ka cece ni, abokina." Na yi dariya da hawaye a fuska, a gaban dangin mijina duka.