Ranar da Jummai Ta Nuna Gabas

"Cire ta daga nan! Lantana, cire yarinyar nan kafin ta ƙarasa tsohuwa!"

Ɗanladi ne ke faɗa daga bakin ƙofa, gammon dakonsa a hannu. Lantana ta sunkuya ta kama 'yarta ta ƙugu, amma ina! Jummai ta damƙe gefen tabarmar da Inna Altine ke kwance a kai, tana ja, tana wannan ihun nata mai shiga har cikin haƙori. Shekararta uku da ɗoriya, ko "Inna" ba ta taɓa cewa ba, amma in ta ƙi abu sai duk unguwa ta sani.

Daga sama mai gidan, Baturen Fotugal mai kanti, ya soma buga sanda a daɓen katako. Ɗanladi ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya dubi matarsa.

"Kin ji ko? Ya ce ko ita ta bar gidan ko mu duka. Gobe yayata Hadiza za ta kawo kifi daga ƙauyen Itapuwa, ta koma da ita. Na gama magana."

Lantana ta san mijinta ba mugu ba ne, gajiya ce. Shi wuni yake yi yana hawa tudu da buhunan sukari daga bakin jirgi, ita kuma tana wankau a maɓulɓula, inda ba ta isa ta je da Jummai ba, don da zarar yarinyar ta ga ruwa sai ta nufe shi. Duk garin nan na Bahiya mutum ɗaya ce ta iya riƙe ta, ita ce kuma ga ta nan kwance, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace.

Inna Altine maƙwabciyarsu ce a ɗakunan ƙasan gidan. Tun tana budurwa aka ƙetaro teku da ita a matsayin baiwa daga ƙasar Zazzau, da kaskon ƙosai ta fanshi kanta, ba ta haifa ba, ba ta kuma taɓa rage murya don wani ba. Kullum da safe Lantana kan ajiye mata Jummai ta wuce. Yarinyar ba ta kallon ido, ba ta waiwaya in an kira ta, ba ta yarda a taɓa ta. Sai ta zauna gefen ƙwarya tana jera wake a layi, wanda ya kauce ta mayar. Yarbawan gidan suka ce kurma ce, wasu suka ce iska ce ta shafe ta.

"Kurma a gidan wa?" in ji Inna Altine. "Yarinyar da ke toshe kunne tun kafin ni in ji ƙararrawar coci? Ku ƙyale ta. Ji take yi, tarawa take yi."

Lantana ta so ta yarda. Wallahi ta so. Amma an daɗe ana tarawar nan ba a ga komai ba, har ita kanta ta soma jin kunyar fita da 'yarta.

Shekaranjiya tsohuwar ta faɗi gefen kasko, 'yan dako suka kinkimo ta gida. Aka shimfiɗe ta kusa da ƙofa don ta sha iska. Tun daga nan ba ta huta ba. Hannunta mai rai sai bugun ƙasa yake yi, idonta na juyawa, tana wani gurnani. An ba ta ruwa ta kau da kai. An kawo kunu ta tofar. Wata Bayarabiya ta kunna mata kyandir, ta harare ta da ido ɗaya har matar ta kashe abinta. Kowa ya ce zafin ciwo ne. Lantana kuwa ta ga abin da ya fi ciwo a fuskar nan: mutum ce ke roƙon abu, ba mai gane ta.

Jummai ta fizge daga hannun uwarta. Ɗanladi ya tako zai ɗauke ta.

"Baban Jummai, dakata," Lantana ta ce. Ita kanta ba ta san me ya sa ta faɗa ba. "Don Allah dakata. Dubi Inna."

Tsohuwar ta daina bugun ƙasa. Idonta na kan yarinyar.

Jummai ta saki tabarma, ta rarrafa bayan akwati ta jawo wani tsohon buzu da gashinsa ya ƙare. Lantana ba ta taɓa ganinsa ba. Tun boren Musulmi da aka yi a garin nan, wanda aka harbe mutane saboda shi, tsofaffi suka koyi rufe ƙofa in za su yi salla, ko maƙwabci ba ya gani. Ashe duk azahar da la'asar, in Inna Altine ta dawo ta tura ƙyaure, akwai mai zama a ciki tana kallo.

Yarinyar ta ja buzun zuwa kusurwar ɗaki, ta shimfiɗa shi a karkace, ta ja da baya, ta dawo ta gyara gefe ɗaya kamar yadda take gyara wakenta. Sannan ta je wurin tsohuwar, ita da ba ta taɓa kowa, ta kama babban yatsanta ta ja.

"Gabas," ta ce.

Muryar ƙarama ce, a dishe saboda ihu. Gammon ya faɗi daga hannun Ɗanladi.

"Me ta ce? Lantana, me ta ce?"

"Gabas," Jummai ta sake cewa, tana kallon bango. "Gabas, Jummai, gabas. Gyara, 'yar nan."

Da muryar Inna Altine ta faɗa, har da jan ƙarshen magana irin na tsohuwar. Lantana ta zauna daɓas a ƙasa.

"Innalillahi," in ji Ɗanladi a hankali. "Mun kwantar da ita ta ba alƙibla baya. Kwana biyu cur! Kai, mun yi abin kunya. Taso, kama ƙafafun."

Suka ɗaga tsohuwar, ba nauyi ko kaɗan, suka kwantar da ita a buzun bisa ɓarin dama, fuskarta na duban kusurwa. Jummai ba ta gamsu ba sai da ta tura ƙafar ubanta ya matsa, ta ja gefen zanin tsohuwar ya miƙe. Ta koma bayan akwati ta kawo wani sulɓaɓɓen dutse na taimama ta ajiye a gaban hannun nan mai rai. Inna Altine ta dafa shi, ta shafa fuska, ta saki wani dogon numfashi da duk ɗakin ya ji.

Sai yarinyar ta tsaya gefenta, ta ɗaga hannuwa zuwa kunne.

"Allahu akbar," ta ce, sannan ta yi tari sau biyu, ta yi gyaran murya, ta kama Fatiha. Tarin ma na Inna Altine ne, tarin hayaƙin kasko, a daidai inda tsohuwar ta saba yin sa. Rabin kalmomin ta cinye su, amma ba ta tsallake aya ba.

Rabin bakin Inna Altine ya motsa. Dariya take yi, wallahi dariya, hawaye na bin gefen hancinta. Ta juya ido ta nemi Lantana, ta ɗaga gira ɗaya, irin ɗagawar da take yi in ta kayar da mutum a gardama.

"Na gani, Inna," Lantana ta ce, tana kuka. "Kin faɗa. Na gani."

Alfahari ya cika ta, ba ta kuma ɓoye shi ba. Ta juya ga matan da suka cika bakin ƙofa, ta ce musu da Yarbancinta na kasuwa: "Kun ji ta? 'Yata ce. Mu manya duk mun kasa, ita ta gane."

Ɗanladi ya durƙusa kusa da kan tsohuwar yana maimaita mata kalmar shahada. Kafin inuwa ta kai bakin rijiya, Inna Altine ta cika, fuskarta na inda take so.

Washegari da hantsi maza suka kai ta. Jummai ba ta sake cewa komai ba, ta koma shirunta, ko da aka kira ta ba ta waiwaya ba. Lantana ta ɗaure mata 'yan kayanta a tsumma, don Ɗanladi bai janye maganarsa ba. Hadiza ta iso da kwandon busasshen kifi a ka, ta yi gaisuwa, ta zauna jira.

Ɗanladi ya dawo da jar ƙasa har gwiwa. Ya tsaya ya dubi ƙullin, ya dubi 'yarsa.

"Yaya Hadiza, sannu da hanya. Ki yi haƙuri, mun wahalar da ke. Yarinya ba inda za ta."

"To, mai gidan fa?" Lantana ta tambaya, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ya buga sandarsa har ta karye. In ya kore mu, Bahiya da faɗi. Ki bar wankau ki ɗauki kaskon Inna, ki zauna da ita a gefenki." Ya share fuska da hularsa. "A maƙabarta na ba su labari. Limaminmu Malam Sulaimanu sai da ya sa na maimaita."

Ya zauna a dokin ƙofa, ya jawo ƙullin, ya yi ta fama da ɗaurin da manyan yatsunsa na dako har ya kwance. Ya zaro 'yar rigar, ya kaɗe ta, ya miƙe ya rataye a ƙusa kusa da tasa.