Aljanin Barcin Rana

Babu abin da Yaya take so a duniya kamar fim ɗin ban tsoro, kuma ba ta taɓa kallon ko ɗaya da ido biyu ba. Mayafi take ja ta rufe fuska, ta bar 'yar kafa ta ido guda, tana zungurin ƙanwarta da gwiwar hannu.

"Malama, ya fito? Ya tafi? In ya tafi ki faɗa min."

Malama kuwa, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, sai ta gyara zaman tabarau ta ce, "Ya tafi wanke fentin fuskarsa, Yaya. Shi ma yana da iyali suna jiransa."

Su biyu suke zaune tun da mazajensu suka rasu, a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo da ɗan kicin. Faɗa ba ya ƙarewa a tsakaninsu: a kan taga, a kan fanka, a kan wa ya bar murfin man shafawa a buɗe. Amma Malama ta sani, ko da yake ko za a yanka ta ba za ta furta ba, cewa ranar da ta tashi babu mai yi mata musu a gidan nan, ranar tsufa zai same ta da gaske.

Jikar Malama ce ta kawo fim ɗin da ya tayar da ƙura. Jikalle suke ce mata, ko da yake ta girma har tana tuƙa mota. Aikinta haɗa sauti a finafinai. Idan ƙofa ta yi ƙara, ko takalmi ya taka tsakuwa, ko iska ta kaɗa labule, hannunta ne. Wannan ne fim na farko da aka sa sunanta a ƙarshensa, don haka ta zo da rawar jiki da yamma, ta haɗa kwamfutarta da talabijin, ta sauke labule.

Labarin wata yarinya ne da iyayenta suka tare a tsohon gida, aljani ya shige ta. Malama ba ta bari ya yi nisa ba.

"Ni dai aljanin fim yana ba ni mamaki. Kullum sai tsohon gida mara wuta. Bai taɓa jin labarin sabon gida mai firji ba ne? Kuma kullum 'yan mata. Ban taɓa ganin ya hau kan ƙaton mahauci ba."

"Kaka, don Allah!" in ji Jikalle.

"Rabu da ita," in ji Yaya daga cikin mayafi. "Wata rana bakin nan ne zai ja mana."

Sai aka zo wurin da yarinyar ta zauna a tsakiyar gado, idanu sun juye, ta buɗe baki. Wani gurnani ya fito mai kauri, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ya ja, ya ja, ya tsaya cak har sai da numfashin mai kallo ya tsaya tare da shi, sannan ya ƙare da wani siririn fito. Ita kanta Malama sai da tsigar jikinta ta tashi.

Yaya ta yaye mayafin gaba ɗaya.

"Kashe! Jikalle, kashe shi! Na san muryar nan. A gidan nan take."

"Haba Yaya."

"Kar ki haba ni. Duk ranar da na kwanta barcin rana, ita ke tashina. Ina buɗe ido sai ta yi tsit, sai dai in ji wutsiyarta, wannan ɗan fiton. Ban faɗa miki ba don na san halinki, 'yar boko, dariya za ki yi min. Ga shi yau yarinya ta kamo shi a na'ura, duniya ta ji."

Malama ta kawo hujja iya hujja. Ta ce ita ba ta ce babu aljanu ba, amma aljanin da ya rasa aikin yi sai tashin tsohuwa daga barci, ai abin tausayi ne. Ta ce bututun ruwa na ƙara, maƙwabta na jan kujera. Duk a banza. An ce wai ilimi na korar tsoro, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa gwadawa a kan yayarsa ba. Yaya ta ɗauki waya ta kira ɗanta, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ta ce gobe da rana ya zo ya ɗauke ta, dama ya daɗe yana roƙon ta koma gidansa. Ta shige ɗaki, aka fara jin ƙarar jan akwati daga ƙarƙashin gado.

A kicin Malama ta tarar da Jikalle tana wanke kofin da yake a wanke.

"Ke, dube ni. Ina kika samo muryar nan?"

Jikalle ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Kaka, ki rufa min asiri. Minsharin Kaka Babba ne."

Kwanakin baya Jikalle ta zo gaishe su, ta tarar suna barcin rana, na'urar ɗaukar sauti tana cikin jakarta. Ta yi makonni tana neman muryar aljani, ta gwada kukan kare, ta gwada injin niƙa, darakta yana cewa bai yi ba. Tana shigowa falo ta ji abin da take nema yana fitowa daga ɗakin Yaya. Ta ɗauka, ta rage masa sauri, ta ƙara masa kauri, shi ke nan.

Malama ta cusa tawul a baki, ta jingina da firji tana girgiza, hawaye na zuba. Wato duk tsawon lokacin nan Yaya ita ke tashin kanta, ta farka ta tsinci ƙarshen minsharinta, ta kama addu'a.

Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Kaf dangi kowa ya san Yaya na minshari, ban da Yaya. A wurinta mace mai mutunci ba ta minshari, magana ta ƙare. Marigayi mijinta ya taɓa ambatawa sau ɗaya yana ango, bai sake cin abinci mai daɗi ba sai da ya rantse akuyar maƙwabta ce. Matar Injiniya ma ta taɓa yin suɓul da baka, har yau daga bakin ƙofa take gaisuwa. In aka yi shiru, Yaya za ta tafi don tsoro. In aka faɗa mata cewa minsharinta ne ake tsorata jama'a da shi a sinima, za ta tafi don fushi, kuma wannan tafiyar ba ta da dawowa.

"Satar murya ma sata ce," in ji Malama, tana goge ido. "Za ki biya da gumi. Gobe da hantsi ki zo min da duk tarkacenki."

Washegari Yaya ta fito falo cikin shirin tafiya, ta zauna a kan akwatinta, ta harɗe hannu. Malama ta jera kaya a kan tebur kamar ranar gwaji a aji: karas, kabeji, lema, tsohuwar jakar fata. Jikalle ta kafa makirufo da lasifika.

"Wannan kuma wane sabon iyayi ne?"

"Sallama ce, Yaya. Rufe idonki ki saurara."

Yaya ta rufe ido ɗaya. Jikalle ta karya karas a bakin makirufo. Ƙas! Yaya ta dafe wuya.

"Wayyo, ƙashin yarinyar!"

"Karas ne, Kaka Babba." Ta murɗe kabeji a hankali, sai ga ƙarar nan ta lokacin da kan yarinyar ya juya baya. Ta buɗe lema ta rufe da sauri, jemagu suka cika falon. Ta matsa jakar fata, tsohuwar ƙofa ta yi kuka.

Yaya ta sauko daga kan akwati ba ta sani ba. "Ba ni kabejin nan. Ba haka ake murɗe wuya ba, ke ba ki taɓa fige kaza ba ne?" Ta murɗa, lasifika ta amsa, ta yi tsalle baya tana dariya.

"Yanzu ki yi magana a nan, kome kika ga dama," in ji Jikalle.

Yaya ta sunkuya ta ce, "A ba ni shayi, kuma kar a cika sukari."

Jikalle ta taɓa kwamfuta. Wata murya kamar daga ƙasan rijiya ta cika ɗakin, tana neman shayi, tana gargaɗi a kan sukari. Yaya ta zube a kujera tana riƙe ciki. "Ji ɗan banza! Har da ciwon suga gare shi!"

Malama ta fara ganin haske. Sai Yaya ta share hawaye, ta gyara ɗankwali, ta dubi su biyun da idon da ta reni 'ya'ya da shi.

"To na ji, komai ƙarya ne. Waccan ta jiya fa? Ita ba karas ba ce, don ni da kunnena nake jinta a gidan nan. Ta wace ce?"

Jikalle ta kama duban silin. Malama, wadda ta taɓa hana 'yar shugabar makaranta maki ɗaya don ba za ta rubuta abin da ba haka yake ba, ta gyara zaman tabarau.

"Tawa ce, Yaya. Ni ke minshari. Ta bango kike ji."

Fuskar Yaya ta washe kamar an yi mata albishir.

"Ke? Malama guda? Mai tabarau? Allah mai iko! Na faɗa, tun muna yara na ce hancin nan naki ba a banza ya karkace ba!"

Ana cikin haka Injiniya ya yi sallama. Kafin ya gama durƙusawa uwarsa ta tare shi: "Zo ka ji, innarka ce aljanin." Injiniya, wanda ya girma yana toshe kunne da matashi, ya dubi Malama. Malama ta zare masa ido. Ya ce, "Ikon Allah," ya sunkuyar da kai.

"Ɗauki akwatin mu tafi," in ji Yaya.

Malama ta ce, "Tafiya kuma? Ba ga shi an gano babu aljani ba?"

"To da aljani da ke, wanne ya bar ni na yi barci? Gara ma aljani, shi ana yi masa addu'a ya tafi."

Injiniya ya ɗaga akwati ya nufi ƙofa, yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Malama ta tsaya da kabeji a hannu. Ta yi ƙaryar farko a tsufanta, kuma ƙaryar ba ta sayo mata komai ba.

"Kaka," in ji Jikalle da ƙarfi, "tunda ke ce mai muryar, akwai saƙon da na ji tsoron isarwa. Darakta ya ce a duk fim ɗin babu abin da ya kai ta. Ranar da aka fara nunawa, wani ƙato ya fita da gudu ya bar takalmi. Yana so mai muryar ta yi masa fim na gaba, a rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, ita kaɗai a allo."

Malama ta harare ta. "Gaskiya ne, ko ke ma kin fara?"

"Wallahi gaskiya ne."

"Ni ma na gani a sinima," in ji Injiniya daga bakin ƙofa. "Maiɗakina har yau ba ta yarda a kashe fitila."

Yaya, wadda ta riga ta sa takalmi ɗaya, ta tsaya.

"Ita kaɗai a allo?"

"Ita kaɗai, Kaka Babba."

"Kunna min na asalin. Wanda ba ki taɓa ba."

Jikalle ta dubi kakarta, kakarta ta ɗaga kafaɗa. Aka kunna. Minshari ya cika falon, lafiyayye, mai ja da tsayawa da ɗan fito a ƙarshe. Yaya ta karkata kai tana saurare kamar mai ɗanɗana miya. Ta sa aka maimaita.

"Malama."

"Na'am, Yaya."

"Ke da ko mai kayan miya kika kira daga taga ba ya waiwayowa, ina kika samu wannan ƙirjin? Wannan irin na Baba ne, Allah ya jiƙansa, wanda in ya kwanta kaji ke barin tsakar gida. Kuma kowa ya san ni na ɗauko Baba. Ke Inna kika biyo, da ɗan maƙogwaronki kamar na sauro."

"Yaya, ai kin ce mace mai mutunci..."

"Ba ta ƙaramin minshari, na ce. Ji min mata, za ta ci da gumina ina raye! A rubuta sunanta! Kai, Injiniya, ka tsaya kana washe baki, ajiye akwatin nan."

Injiniya ya ajiye, ya fita baranda da sauri, aka jiyo shi yana tari irin wanda ba na mura ba.

Yaya ta cire takalmin, ta koma kujerarta, ta miƙe ƙafa.

"Jikalle, ki gaya wa daraktan naku ni ba na zuwa ko'ina. Muryar nan ba ta fita sai a kan gadona, da matashina, bayan na ci na ƙoshi. In yana so, ya turo ki nan. Kuma daga yau ba a ɗaukata sai da izini."

"To, Kaka Babba."

"Ke kuma maƙaryaciya, me kike tsaye kina yi da kabeji? Je ki dafa shi mana. Ina da aiki da rana."

Malama ta shige kicin tana gunaguni yadda za a ji, ta tura ƙofa, ta ɗora tukunya, tana yanka kabeji tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi.