Ruwan Da Bai Sauka Ba

Mijina marubucin waƙoƙi ne. Ba na kiɗa ba, na takarda, irin waɗanda ake karantawa a zaure mutane su yi ta gyaɗa kai. Ni ɗinki nake yi, kuma ban taɓa leƙa taronsu ba sai ranar da aka ce za a yi sharhin sabuwar waƙarsa a ɗakin karatu na gari. Na kulle shago na tafi, don na san abin da ke cikinta.

'Yarmu ce a ciki. Tsuntsuwa muke ce mata, saboda ba ta cin abinci sai ɗan tsince-tsince. Zazzaɓi ya ɗauke ta bara, uban yana wani gari wurin taron marubuta. Ni kaɗai ce a ɗakin asibitin. Da nas ta ja mata mayafi, kasa kallon gadon na yi, na juya wajen taga na kira shi a waya. Bakina ya ƙi faɗin maganar. Sai na shiga gaya masa abin da nake gani: gabas ta yi baƙi ƙirin, yamma ta yi ja kamar ruwan da aka wanke wuƙar yanka a ciki, hadari ya haɗu ya tsaya cak ya ƙi zuba. Ya gane. Tun daga ranar bai ƙara kiran sunanta ba, ko da kuskure. In na ɗauko zancenta sai ya tuna yana da aiki a ɗaki.

To ga shi ya rubuta. Na ce a raina, abin da ya kasa faɗa mini a falo yau zai faɗe shi a gaban jama'a, in ji da kunnena cewa shi ma an yi masa rashi. Iyakar abin da ya kai ni ke nan.

Na zauna can baya a kujerar roba, ƙarƙashin fanka mai ƙugi. Mijina ya miƙe ya karanta. Ya iya karatu, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Baƙin gabas yana nan, jan yamma yana nan, har wuƙar. Maganata ce tsaf, guga kawai ya yi mata ya jera. Sai a baitin ƙarshe na ji abin da ban faɗa ba. Wai hadarin ya saki, ruwa ya sauko, ƙasa ta yi sanyi.

Mai sharhi ya karɓa, wani malami mai tabarau a goshi. Ya ce baƙin gabas halin da talaka ke ciki ne. Jan yamma jinin bayin Allah ne da ake zubarwa. Hadarin da ya tsaya fushin al'umma ne. Ruwan kuwa, ya ce, nan ne gwanintar take, don marubuci na ƙwarai ba ya barin mutane cikin ƙunci. Aka yi tafi raf-raf. Ya juya ga mijina ya ce, "Malam, na kama hanya ko na kauce?"

Na kasa kunne. Mijina ya yi murmushi ya ce, "Ai ka ma fi ni fahimtarta."

Kai! Ban san lokacin da na miƙe ba. Aka miƙo mini abin magana.

Na ce, "Baban Tsuntsuwa, ranar ba a yi ruwa ba. Ina tsaye a tagar har hadarin ya watse. Ko ɗigo bai sauka ba."

Jama'a suka juyo. Mijina ya dube ni kamar yadda ake duban wanda ya shigo ɗakin da ba nasa ba, ya ce, "Malama, waƙa ba rahoton yanayi ba ce."

Malama! Ni ce Malama. Aka yi 'yar dariya, mai sharhi ya ce tambaya ce mai kyau, aka karɓe abin maganar aka wuce.

Da aka tashi mijina ya same ni a bakin ƙofa, littattafansa a hammata. Ya yi ƙasa da murya. "Me ya sa za ki yi mini haka? Da ban sa ruwan ba, da ban iya gama ta ba."

"Kai ka gama. Ni har yau ina bakin tagar." Na matso kusa da shi. "Na bar maka hadarin, ka ba talaka, ka ba duk wanda ka ga dama. Kira sunanta kawai. Nan, ni da kai."

Ya buɗe baki. Wallahi na ga leɓensa ya motsa. Sai ga wani mutum ya taso da littafi da biro, yana ta washe baki, a sa masa hannu. Mijina ya juya da sauri kamar wanda aka ceto daga rijiya.

"Sunan wa zan rubuta?"

"Na 'yata, ranka ya daɗe. Tana son waƙoƙinka."

Mutumin ya faɗi sunan. Mijina ya maimaita shi a fili, a hankali, ya sake maimaitawa don kada ya yi kuskure, sannan ya rubuta.