Ƙunshin da Aka Raba

Ni ke karanta wa Inna wasiƙa, ko da yake karatun nawa sai da dogarawa. Tun da yayana Ellis ya tafi yaƙi Faransa, duk sati biyu takan gasa masa kek, ta haɗa da safa da taba, in kai gidan waya kafin in wuce masaƙa.

Shi ma a masaƙar ya fara, kafin ƙungiyar ƙwallon garinmu ta ɗauke shi da albashi. Shekara bakwai yana buga gefen hagu da gwamen ƙafafunsa. Inna ba ta taɓa zuwa fili ba, ta ce ita taɓon Asabar kawai ta sani, don ita ke wanke shi. Da yaƙi ya ɓarke, masu yi masa tafi su suka koma yi masa gori, wai ƙato yana bin ƙwallo 'ya'yan wasu na mutuwa. Sai ya je ya shiga soja.

Ranar Talata wasiƙa ta zo, amma ba rubutunsa ba ne. Wani Kofur Tattersall ne. Ya ce ƙunshi ya iso, su takwas suka raba kek, safar ta yi wa ɗayansu daidai, suna godiya. Ya ce ya san kyaftin ɗinsu ya riga ya rubuto mana.

Inna ta yi dariya. "Halin nasa ke nan, ya rabar ya zauna da yunwa." Ta ce wannan karon biyu za ta gasa.

Ni kam ban yi dariya ba. Maƙwabcinmu Wilf, wanda ya dawo daga yaƙin da hannu ɗaya, ya taɓa ce mini a can ba a buɗe ƙunshin mutum sai in ba ya nan. Na kai masa wasiƙar, ya karanta sau biyu.

"Ni ma da aka kwashe ni asibiti cinye nawa suka yi, 'yan banza, ga ni kuwa," in ji shi. Ya tambaya ko wani ya ambaci asibiti. Na ce a'a. Ya miƙo mini takardar yana kallon ƙasa.

Kwana uku ina tsinka zare a wurin aiki, har shugabanmu ya tambaya ko budurwa ce ta ƙi ni. Inna kuwa ta bi layin sukari, ta samo ƙwai wajen ƙanwarta. Sau biyu na buɗe baki in gaya mata abin da Wilf ya ce, sai in ga to idan asibitin ne fa?

Ranar Juma'a na dawo cin abincin rana, na tarar da ambulan a kan tebur. Na buɗe, daga kyaftin ɗin ne. Layin farko ya ishe ni, amma na tsaya kamar ina haɗa baƙi.

"Seth, ka fi haka karatu," in ji Inna.

Sai na karanta mata. An harbe Ellis har lahira ran tara ga wata, yana ɗauke da wani da ya ji rauni. Ta zauna, ta daɗe tana goge hannu da gefen siket ɗinta. Sannan ta ce in je in sauke labulen tagar gaba, kamar yadda ake yi in an yi rasuwa, don mutanen layi su sani.